Daƙiƙa Uku Kafin Shafin Bawku Ya Buɗe

Ranar Asabar na ji ku a ajin kwamfuta na nan Salaga kuna cewa aikin nan layi ashirin ne. Wai mutum ya buɗe baƙin allo, ya buga umarni huɗu, ya tashi ya tafi shan koko. Ba ƙarya kuka yi ba. Akwai ranakun da haka yake. Amma tunda kun ce Mma Rabi ta rubuta muku yadda ta yi aikinta, zan rubuta, kuma ba ranakun shan koko kawai zan ba ku ba.

Bari in fara da abin da aikin yake, saboda iyayenku da za su karanta. Kowane shafin intanet yana da gida, wata kwamfuta guda da muke kira uwa. In uwar tana Turai, mai waya a Gambaga sai ya jira saƙonsa ya je can ya dawo. Shi ya sa wasu kamfanoni suka zuba kwamfutoci a manyan birane irin su Accra da Legas, kowace tana riƙe da kwafin shafin, kamar yadda fataken goro suke ajiye kaya a zango. A kan waɗannan kwamfutocin na kusa ake ɗora ɗan gajeren kod da ke tarar baƙo tun kafin ya isa wurin uwa. Shi ne ej fankshin. Yana duba wane ne ya zo, da wace irin waya, daga ina, sannan ya yanke abin da zai ba shi. Rubuta shi da tura shi daga baƙin allo, ba tare da danna hoto ko ɗaya ba, shi ne sana'ata.

Ba da ita na fara ba. Na yi shekara goma sha biyar ina buga takardu a wani shago kusa da tashar Salaga, da farko da tafireta, daga baya da kwamfuta. Katin biki, takardar neman aiki, jerin sunayen masu zuwa gaisuwar mutuwa. Abin da na fito da shi daga can yatsu ne masu sauri da ido mai ganin waƙafi ɗaya da ya ɓata. Da wayoyi suka yi yawa, kowa ya koma buga abinsa, shagon ya mutu. Na haura arba'in lokacin da wata 'yar'uwar mijina ta ce akwai wani mutum a Yendi da ke neman mai saurin bugu, don idonsa ya fara ba shi wahala.

Afa Iddrisu ke nan, Afa kuwa shi ne malam a bakin mutanen Yendi. Ɗan gidan malamai ne, yayyensa duk suna karantarwa a zaure, shi kaɗai ya bi lissafi har ya yi aiki a Accra ya dawo gida. Wurin aikinsa ɗaki ɗaya ne a bayan shagon atamfar matarsa. Teburi, benci, fanka, tsohuwar laftof wadda harafin E ɗinta ya goge, batirin mota biyu saboda dumso, wato ɗauke wutar da ba ta sallama, da wayoyi uku masu layin kamfani daban-daban, don in ɗaya ya mutu a jona wani. Akwai kuma wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi da yake ajiyewa a aljihun gaba. Ita ce alƙali. Duk abin da muka rubuta, sai ya buɗu a kanta kafin a ce an gama.

Hausarsa irin ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Ranar farko ya ce mini, “Rabi, ka zauna. Ka ga wannan baƙin wuri? Ba ya tambaya ko ka tabbata. Abin da ka faɗa masa shi zai yi.”

Na ce, “Afa, ina maɓallin gogewa in na yi kuskure?”

Ya ce, “Akwai. Amma kafin ka same shi mutane sun riga sun gani.”

Wata uku bai bar ni na tura komai ba. Yana faɗa ina bugawa, in na gama in karanta masa da baki, har da baka da ɗigo. Ya koya mini umarnin shiga da makullin sirri, wanda ba a rubuta shi a cikin kod ko da wasa. Ya koya mini umarnin buɗe sabon aiki, da na gwada shi a kan laftof ɗinmu, da na ɗora shi a wurin gwaji inda ba mai gani sai mu, sannan na ƙarshe, wanda ke watsa shi duniya. Akwai wani kuma da ke buɗe lok, wato jerin da ke nuna duk wanda ya taɓa shafin a daidai lokacin, layi na bin layi. Shi ne na fi so. Kana zaune a Yendi kana ganin wani a Tamale ya shigo, wani a Kumasi, wani a ƙasar da ba ka taɓa jin sunan garinta ba.

Aikin farko da na tura da hannuna na babban wansa ne, malamin da ke tafsiri da azumi. Ɗalibansa sun watsu a duniya, suna son jin karatun kowace rana. Matsalar ita ce muryar tana da nauyi, mai ƙaramar waya a ƙauye sai ta cinye masa data bai ji ko bisimilla ba. Na rubuta kod da ke duba ƙarfin layin mutum. In mai ƙarfi ne ya ba shi cikakkiyar murya, in mai rauni ne ya ba shi mara nauyi. Na gwada sau bakwai. Da na zo buga umarnin ƙarshe sai Afa ya tashi ya fita, ya tsaya a shagon matarsa yana taya ta ninke atamfa. Na leƙa na ce, “Afa, ba za ka duba ba?” Ya ce, “Ni na rubuta?” Na dawo na danna. Bayan la'asar wani tsoho daga wajen Gushegu ya kira malam ya ce yau ya ji karatu har ƙarshe. Malam ya aiko mini da zabuwa.

Shekara biyu na yi a wannan bencin. Ranar Juma'a in hau mota zuwa Salaga ta Bimbilla, ranar Lahadi in dawo. Da rana matar Afa takan aiko mana da tuwon zafi da miyar ayoyo, mu ture laftof gefe mu ci, yana ba ni labarin kurakuran da ya yi a Accra. Ban taɓa samun wurin aiki irin wannan ɗakin ba, kafinsa ko bayansa. Da ya sallame ni bai yi wani jawabi ba. Ya ciro wayar nan mai fasasshen gilashi ya ajiye a gabana, ya ce in tafi da ita.

Masu kawo aiki iri-iri ne, kuma wannan ba a koyar da shi a aji. Akwai matan man kaɗe da ke son masu saye daga waje su ga shafinsu da Turanci, 'yan Burkina kuma da Faransanci. Akwai mai makarantar da ke son sakamakon jarrabawa ya fito ƙarfe takwas daidai, iyaye duk su afka a lokaci guda kada shafin ya faɗi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa cewa yana son ej fankshin. Abin da suke cewa shi ne, “Abin nan ba ya buɗuwa a wayar ƙanwata.” Aikinka ne ka gano wace ƙanwa, wace waya, a wane gari. Rabin sana'ar tambaya ce.

Aikin da ya fi kowane girma a hannuna na Bawku ne. Wani Alhaji Mumuni, tsohon dillalin albasa, ya buɗe ƙaramin gidan rediyo a saman bene kusa da kasuwa. Suna labarai da Hausa da Kusaal da Moore, suna faɗin farashin albasa da na dabbobi, da sanarwar suna da ta rasuwa, da halin da hanyoyi suke ciki. Ya sa an yi musu shafi don 'yan Bawku da ke nesa. Uwar kwamfutar kuwa a ɗakin bayan situdiyo take, a ƙarƙashin teburi, kusa da butar shayi. Na ce a mayar da ita wani wuri mai tsayayyar wuta. Ya ƙi. Ya ce, “Hajiya, abina ina so in gan shi da idona.” Ban je Makka ba a lokacin, amma haka yake kirana, kuma shi ma Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

Na yi mako biyu a garin. Da safe in sayi wace, wato shinkafa da wake, a bakin tasha, in hau benen, in zauna kusa da taga. Daga nan ana ganin buhunan albasa jere, da masu babura daga Kulungugu, da matan da ke sauke tumatir suna ciniki da harshe uku a numfashi ɗaya. Na rubuta musu kod mai rage nauyin hotuna da zaɓa wa mutum harshe. Da muka buɗe lok ranar farko, Alhaji ya jawo kujera ya zauna yana kallon sunayen garuruwa na wucewa. Ya nuna wani layi ya ce, “Wannan Italiya? Ɗan ƙanena ne, wallahi shi ne.” Ba yadda za a yi ya sani, amma ban gyara masa ba.

Sai shekarar da rikici ya dawo Bawku. Ba zan shiga maganar wa ya fara ba, ba sana'ata ba ce. An sa dokar hana fita, an hana hawa babur, kasuwa ta koma rabi. Ma'aikatan rediyon wani lokaci sai su yi kwana biyu ba su iya isa benen ba. Wuta ta ɗauke, uwar kwamfuta ta mutu, shafin ya mutu da ita, a daidai lokacin da mutane suka fi bukatarsa. Alhaji ya kira ni ina Salaga ya ce, “Mutane na kirana daga ko'ina, suna cewa shafi ya rufe, ko an ƙone mu ne. Ka yi wani abu.”

Na yi abin da kowannenku zai yi. Na ƙara layuka kaɗan. In baƙo ya zo, kod ɗin ya ƙwanƙwasa wa uwa, ya jira daƙiƙa uku. In ta amsa, ya kawo sabon labari ya kuma ajiye kwafinsa. In ba ta amsa ba, ya ba mutum kwafin ƙarshe da ya ajiye. Na gwada a laftof, na gwada a wurin gwaji, na gwada a fasasshiyar waya. Komai daidai. Na tura. Daga ranar shafin bai sake faɗuwa ba, ko da wuta ko babu. Alhaji ya yi ta sa mini albarka, ni ma na ɗauka na yi aikin kirki.

Bayan kamar wata ɗaya ya sake kira, da hantsi. Muryarsa ba irin ta kullum ba. Ya ce wani direba mai suna Awudu, wanda ke jigilar albasa zuwa kudu, yana dawowa daga Bolga da mata 'yan kasuwa shida a motarsa. Da ya tsaya a Zebilla ya buɗe shafin rediyo, ya ga an rubuta cewa yau hanya lafiya, motoci na wucewa. Ya kama hanya. Kafin ya isa Bawku aka buɗe wa motar wuta. Ba wanda ya mutu. Matan sun kwanta a kan buhuna, shi kuma harsashi ya same shi a hannun dama, ya juya motar da hagu ya koma. Labarin da ya karanta na kwana huɗu da suka wuce ne. Tun ranar ba wanda ya hau benen.

Na buɗe kod ɗin na karanta daga sama har ƙasa, ban ga kuskure ba. Ya yi abin da na ce masa. Washegari na hau motar Yendi.

Lokacin idon Afa ya tafi gaba ɗaya. Na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗakin, laftof ɗin tana ciki an lulluɓe ta da ƙyalle. Muka gaisa, na faɗa masa abin da ya faru. Ya ce, “Ka karanta mini.” Na karanta kamar da, da baka da ɗigo. Bai katse ni ba. Da na kai ƙarshe ya ce, “Ina wurin da ka gaya wa mutum cewa abin tsoho ne?”

Na ce babu.

Ya ce, “Ka gwada shi da waya, ka gwada shi da laftof. Ka gwada shi da mutumin da zai hau hanya?”

Ya sa na ɗauko laftof ɗina, muka gyara a nan kan tabarma, yana faɗa ina bugawa. Duk kwafin da ya wuce awa uku, kod ya manna masa jan rubutu a sama da harsuna ukun: wannan labarin na rana kaza ne, ƙarfe kaza, ba na yanzu ba. Labarin hanya kuwa, in ya tsufa, a cire shi ɗungum, a rubuta cewa ba mu da labari. Layi tara ne. Na tura daga nan, da layin wayar matarsa. Wannan ne aiki na ƙarshe da muka yi tare. Ya rasu kafin azumi ya zagayo.

Daga Yendi na wuce Zebilla ta Tamale da Bolga, tafiyar yini guda da rabi. Na samu Awudu a gidan wansa, hannun a naɗe, yana zaune ƙarƙashin rumfa. Na gaya masa ko ni wace ce, da abin da na yi. Ya dube ni ya ce, “Mma, ni ban san kod ba. Na ga an rubuta yau, na ɗauka yau ne.” Na ce haka ne, laifina ne, ya yafe mini. Ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya sa aka kawo mini ruwa. Da zan tafi ya tambaye ni ko an gyara. Na nuna masa a wayarsa. Ya karanta jan rubutun a hankali, ya gyaɗa kai. Hannun ya warke, amma yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Yanzu yana sayar da kayan gyaran mota a tashar Zebilla, in na bi ta can nakan tsaya mu gaisa.

Tun daga nan, kafin in buga umarnin ƙarshe, nakan tsaya in tambayi kaina abin da mai karantawa zai tashi ya yi bayan ya karanta. Babu umarnin da ke gwada wannan. Na ga yanzu kuna sa na'ura ta rubuta muku kod cikin minti ɗaya, kuma tana rubutawa da kyau, ban raina ba. Da na ba ta aikin Bawku, da irin nawa za ta rubuta, mai tsabta, mara kuskure.

Rediyon bai kai ƙarshen shekarar ba. Ma'aikata suka watse, wasu Bolga, wasu Kumasi, ɗaya ta yi aure a Ouagadougou. Alhaji Mumuni ya kulle benen, ya sa uwar kwamfutar a kwali, ya koma wurin ɗansa a zangon Kumasi. Ni kuma na ci gaba da ayyukana a Salaga. Kod ɗin ban taɓa shi ba, don ba wanda ya ce in taɓa.

Kwanakin baya ina share tsofaffin ayyuka sai na ci karo da shi. Kafin in goge na buɗe lok, don haka aka koya mini. Da safe ne, wajen ƙarfe bakwai, lokacin da suke fara labarai a da. Layuka suka fara zuwa. Kumasi. Accra. Techiman. Wani gari a Libya. Italiya. Abin da suke samu shafi ɗaya ne da bai canza ba: jan rubutu a sama, farashin albasa na wata kasuwar da ta daɗe da tashi, sanarwar sunan wata jaririya da yanzu ta isa shiga makaranta, da hoton kasuwa da aka ɗauka daga tagar benen.

Na kira Alhaji. Ya tsufa a murya. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, na tambayi ƙafarsa da ke damunsa. Na gaya masa abin da na gani, na ce in yana so in rufe, umarni ɗaya ne.

Ya ce, “Har yanzu suna zuwa?”

Na ce, “Kullum da safe, Alhaji.”

Ya ce, “Ka karanta mini garuruwan.”

Na karanta masa su yadda suke shigowa, har na kai kusan ashirin. Yana ji, yana tari jefi-jefi. Sannan ya ce in bar shafin yadda yake.

Na ce to, amma akwai gyara ɗaya da ya kamata in yi. Duk wanda ya buɗe shafin sai ya jira daƙiƙa uku a banza, in na cire layi biyu zai riƙa buɗuwa nan take.

Ya ce, “Jiran na mene ne?”

Na ce, “Kod ɗin ne yake fara neman kwamfutar benen, ko ta dawo. In ya ji shiru sai ya kawo tsohon.”

“Kowane lokaci yake nema?”

“Kowane lokaci.”

“In na mayar da ita na jona, zai gane?”

Na ce zai gane a take, ba sai an gaya masa ba.

Na ji yana magana da wani a gefe, kamar yana cewa a sauke masa wani kwali daga kan kabad a goge ƙura. Da ya dawo kan layi ya ce, “Hajiya, kada ka cire. Daƙiƙa uku ba yawa. Su jira.”

Na rufe laftof ban buga komai ba.